Ƙofa Biyu a Hawa na Biyar

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara. A nan Kaduna wuta takan ɗauke tun kafin azahar, fanka ta yi juyinta na ƙarshe ta tsaya, gida ya yi tsit har ka ji kwanon rufi yana ƙara saboda zafi. A irin wannan lokaci nakan tuna azumin shekarar 2014 a Alƙahira, wanda na yi da matata Linda a wani tsohon bene a unguwar Abbasiya.

Ni haifaffen Zariya ne, amma da fasfon Amurka na shiga Masar. Na daɗe a Amurka ina aikin rediyo, ina fassara labarai ina karantawa, har na zama ɗan ƙasa. A can na auri Linda, baƙar fata 'yar birnin Baltimore, malamar makaranta, wadda ta musulunta tun kafin mu haɗu. Da na sami aikin shirya shirye-shiryen Hausa a wani ɗakin naɗar murya a Alƙahira, ita ma ta sami wata makaranta mai neman malamin Turanci. Abokan aikinta Amurkawa duk a Zamalek suke zaune, unguwar ofisoshin jakadanci. Mu ƙarfinmu bai kai can ba. Abokina Malam Sanusi, wanda ya je karatu Alƙahira tun muna samari bai koma ba, shi ya samo mana gida a hawa na biyar. Abin da ya yi ta nanata mini a waya shi ne gidan bahari ne. Na tambaye shi ma'ana, ya ce tagoginsa arewa suke kallo, wajen teku, ta inda iska take zuwa. Gidan da ke kallon kudu kuwa ƙibli ake ce masa, rana ce take dukansa daga hantsi har ta faɗi. Na ɗauki maganar a matsayin tallan dillalai, na wuce.

Kafin azumi ya kama, Linda ta riga ta sayi tikitin komawa Amurka, na mako guda bayan Salla, kuma tafiya ce kawai babu dawowa. Ba mu yi faɗa ba. Ta zaunar da ni ta ce, “Lawal, ba wanda ya yi mini laifi a garin nan. Amma kullum ana kallona, kuma ba wanda ya san ni. Zan yi azumin nan da kai, sannan in tafi. In aikinka ya ƙare ka biyo ni.” Mu duka mun san aikin ba mai ƙarewa kusa ba ne, mun kuma san ma'auratan da suka rabu da irin wannan magana, suka yi ta waya har wayar ta ragu ta daina.

Tana da dalilinta. A titi ana ɗaukarta 'yar Sudan ce ko mutuniyar Aswan ta kudancin Masar, har sai ta buɗe baki. Shekarun nan kuwa gari bai kwanta ba, ana zargin baƙi, kuma kowane 'yan kwanaki saƙo yakan shigo wayarmu daga ofishin jakadanci cewa Amurkawa su yi hattara da taron jama'a. Ni na ba ta shawarar in mun shiga tasi ta bar mini magana. Haka matar da sana'arta magana ce ta yi kusan shekara tana shiru a waje. A gida kuma ƙofarmu tana da makulli da sakata, ita ta sa aka ƙara sarƙa. Tana ƙarama ɓarayi suka fasa gidan mahaifiyarta da rana tsaka, tun daga nan ba ta zama a ɗaki sai ta ji ƙarar ƙarfe uku.

Ga yadda ranakun suke tafiya. Kafin asuba mai ganga yakan bi layi yana tashin mutane sahur, yana kiran sunayen masu gidaje. Namu ba ya cikin waɗanda ya sani. Mu ci ful, wato waken da ake dafawa har ya narke, da gurasa da kindirmo, mu sha ruwa har ciki ya yi nauyi. Bayan salla aikin farko shi ne tarar ruwa. Injin da ke tura ruwa sama da lantarki yake aiki, in wuta ta ɗauke ruwa ba ya wuce hawa na biyu. Don haka kowace safiya sai mun cika bahon wanka da bokitai da duk wata gorar lemo da ke gidan. Daga nan in fita in kama jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa wurin aiki. Linda tana hutun makaranta, ita kaɗai take wuni.

Zafin Alƙahira ba irin na gida ba ne. A Zariya in zafi ya tsananta kana da abin dubawa, ka kalli gabas ko hadari zai haɗu. A can babu wannan. Sama fari fat, ba gajimare ko ɗaya, kuma kowa ya san ba za a ga ɗigon ruwa ba sai hunturu. Bango yana shan rana yini guda, da dare ya mayar maka da ita. Ruwan da muka tara da safe, kafin la'asar ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a wuta. A shekarar nan wuta takan ɗauke sau da yawa a yini, ba ta da lokaci. Ƙanƙara ta narke, nama ya canza wari a firji, har muka koma sayen na rana ɗaya. Linda ta koyi zura kwando da igiya daga baranda, mai kanti ya sa mata tumatir da gurasa ta jawo, kuma ta ji daɗin wannan dabara domin ba sai ta sauka ta yi magana da kowa ba. Ta koyi gane mai gas daga ƙarfen da yake bugawa a jikin tukunya. Da yamma ƙamshin soyayyar tafarnuwa yakan cika matakala, kowane gida yana haɗa mulukiyya, miyar da mu muke kira lalo, mai azumi yana hawa yana haɗiye yawun da babu shi.

Gaskiyar Malam Sanusi, gidanmu yana samun iska. Bayan azahar takan taso daga arewa, ba mai yawa ba, daidai ta ɗaga labule ta sake shi. Linda takan jiƙa tawul ta kwanta a kan tayil ƙarƙashin taga, ta yi karatu har barci ya ɗauke ta.

Ƙofar da ke kallon tamu ta gidan Hajja Ummu Magdi ce, tsohuwa mai ciwon ƙirji, wadda kana jin numfashinta tun daga hawa na huɗu. Tana zaune da ɗanta Magdi, direban bas, da matarsa Samah da 'ya'yansu. Gidansu ƙibli ne. Tun da zafi ya shigo ƙofarsu a buɗe take wuni, kuma da zarar wuta ta ɗauke sai tsohuwar ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa, da jiƙaƙƙen tsumma a ka da guntun kwali tana fifita, fuskarta a kan ƙofarmu.

“Tana nan tun azahar,” Linda ta ce mini wata rana da na dawo. “Na leƙa ta 'yar hudar ƙofa sau da yawa. Idonta a kan ƙofar nan.”

“Zafi take ji.”

“A jikin ƙofata aka rubuta maganin zafi? Gadina take yi. So take ta ga wa ya shiga wa ya fita.”

Ban musa ba. Ni ma da na wuce na gaishe ta, takan amsa ta bi makullin hannuna da kallo.

Kusan kullum kafin shan ruwa Samah takan ƙwanƙwasa da faranti a hannu, yau kunafa, wani kayan zaƙi mai siraran zare kamar taliya, gobe dafaffen ganyen inabi da aka naɗe shinkafa a ciki. Linda ta buɗe makulli, ta zare sakata, ta cire sarƙa. Samah ta tsaya a bakin ƙofa, iska tana kaɗa mata gyale, ta lumshe ido ta ce, “Masha Allah, iskarku.” Ta ɗan ja lokaci tana tambayar lafiya da Larabcin da ta san Linda ba ta ji sosai. Linda ta karɓa, ta yi godiya da murmushi, ta rufe. Na riga na koya mata cewa ba a mayar da faranti wayam, don haka washegari takan mayar da shi da biskit ɗin da ta gasa. Ta wannan fuska ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Wajen tsakiyar wata aka yi wasu kwanaki da ko tsofaffin unguwa suka yi maganarsu. Kwalta ta yi laushi, kuliyoyin matakala suka miƙe kamar matattu. A ɗaya daga cikin ranakun nan na dawo na tarar da Magdi da wani maƙwabci suna saukowa da tsohuwar a kan kujera, kanta ya langaɓe, leɓɓanta sun yi fari, Samah tana biye da takalmanta a hannu. Na ajiye jakata na kama ƙafar kujerar har ƙasa. Magdi ya ce na gode, bai dube ni ba. Washegari suka dawo da ita daga asibiti. Likita ya ce ta ajiye azumi, kuma ta bango muna jin tana kuka tana cewa tun tana budurwa ba ta taɓa shan ruwa da rana a watan nan don ciwo ba. Daga ranar faranti ya daina zuwa.

Ana cikin haka na gayyaci Malam Sanusi shan ruwa. Ya taso daga unguwar Ainu Shams, ya iso yana haki.

“Ba'amurke, da na san ni zan riƙa hawa benen nan da azumi a bakina, da a ƙasa na samo maka.”

Ya juya ya yi sallama a buɗaɗɗiyar ƙofar maƙwabta, domin ya san su. Magdi ya amsa a gajarce. Sannan ya tsaya yana sauraren Linda tana buɗewa daga ciki, makulli, sakata, sarƙa. Muka shiga, ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya.

“Banki na kama muku ban sani ba?” ya ce. “Kullum haka kuke?”

“Kullum.”

“Har da rana in wuta ta ɗauke?”

“Har da rana.”

Bai ƙara ba sai da aka kira salla muka sha tsamiya, muka ci dabino. Ya je ya tsaya a taga, ya miƙa hannu, ya juyo ya nuna mini ƙofa.

“Duba nan. Iskar da ta shigo ta tagarka ba ta da mafita sai ƙofar can. Ta tsallaka, ta shiga gidansu, ta fita ta barandarsu. Haka aka gina benen, ƙofa tana kallon ƙofa, taga tana kallon taga. Malamar da ta zauna nan kafin ku, da ta ji fanka ta tsaya sai ta tashi ta buɗe. Sauka ka duba hawa na huɗu da na uku, haka kowa yake yi. Hajja ba ku take kallo ba, jira take a buɗe.”

“Me ya sa ba ka gaya mini ba?”

“Ban ɗauka sai an gaya wa ɗan Zariya ba. Wallahi ma'alish, yi haƙuri, na manta ka canza fasfo.”

“Su me ya hana su faɗa?”

“Magdi zai tare ka a matakala ya ce, ya Ustaz, buɗe mana ɗakin da matarka take kwance? Kai za ka iya faɗa wa wani haka? Kuma ai sun faɗa. Ka zaci kunafa ce ta yi musu yawa?”

Linda tana kallonmu, ta ce in fassara. A aikina ba a ƙari ba a ragi, haka na ba ta maganar duka, har da ta fasfon. Ta ajiye cokali.

“Wato tsohuwa ta faɗi saboda ba wanda ya iya furta jimla ɗaya. Ka ce masa a garinmu wanda yake son abu yakan buɗe baki ya nema.”

Na faɗa masa. Ya gyara zama.

“Ce wa Madam a nan ma ana nema. Amma abin da in aka hana ka gobe za ku iya gaisawa, shi ake nema. Wannan in suka roƙa kuka ce a'a, khalas, shi ke nan, sai dai wani ya tashi daga benen.”

Ta tattara kwanuka ta shiga kicin. Malam Sanusi ya cinye sauran kazar da aka dafa, ya tafi tarawihi.

Washegari na dawo na tarar da ƙofa a rufe. Rana ta biyu ma haka. Linda da kanta ta ce mini ta tsaya a bakin ƙofar, hannunta a kan sarƙa, tana jin numfashin tsohuwar ta cikin katako, amma hannun ya ƙi. Ta ce in ta buɗe ba ta da inda za ta cire mayafi, ba ta da inda za ta kwanta, ke nan ko ɗakin da ya rage mata a ƙasar nan ya tafi. Na ce gaskiya ne, domin gaskiyar ce.

Ranar Juma'a ba na aiki. Na dawo daga masallaci rigata ta manne da baya, na zauna ke nan fanka ta tsaya. Muka ji an jawo kujera a waje. Linda ta yi ɗan zama, ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da doguwar riga da mayafi. Ta buɗe makulli, ta zare sakata, ta cire sarƙa, ta ja ƙofar har bango.

Ban taɓa sanin ƙarfin iskar nan ba sai ranar. Abin da yake ɗaga labule ya sake shi, da ya sami hanya sai ya zama wani abu dabam. Takardun fassarata suka tashi daga tebur suka bi ta ƙofa. Can cikin gidan maƙwabta na hango labulen barandarsu ya kumbura ya fita waje. Sai ƙofarmu ta kuɓuce wa Linda ta rufe da ƙara mai ƙarfi. Ta sake buɗewa ta tokare da ƙafa.

Samah ta fito daga kicin, ta duba, ta koma ciki. Ta dawo da wani ƙaramin turmin tagulla mai nauyi, ta durƙusa ta ajiye shi a gindin ƙofarmu. Akwai wani zagayayyen tabo a tayil ɗin wurin, wanda Linda ta sha gogewa bai fita ba. Gindin turmin ya zauna a kansa daidai.

“Na Abla Su'ad ne, malamar da ta tashi daga nan,” Samah ta ce mini. “Ta ce a ba wanda ya shigo.”

Tsohuwar ta cire tsumman daga kanta. Ta rufe ido ta ja numfashi, ta sake ja. Sannan ta dubi Linda ta yi magana.

“Ta ce kin daɗe, 'yata,” na fassara.

“Ce mata ba a gaya mini ba.”

Na faɗa. Tsohuwar ta yi nuni da kwalin hannunta.

“Ta ce ki matsa gefe, kin tare hanya.”

Linda ta matsa.

Abin da ta ji tsoro duk ya faru, ban da ɓarayi. 'Ya'yan Samah suka mayar da falonmu filin wasa. In wuta ta dawo, wasan kwaikwayon talabijin ɗinsu ya shigo mana har ɗakin kwana, domin bayan kwana biyu ba wanda ya ƙara kula da rufewa in fanka ta tashi. Wata kyanwa ta shigo ta haihu a bayan injin wanki. Samah takan wuce kai tsaye kicin ta buɗe tukunya ta ɗanɗana da ido, ta ce wannan abincin asibiti ne, ta je ta kawo man shanu. Linda ta daina kwanciya a tayil. Ta ɗaura igiya ta rataya jiƙaƙƙen zanen gado tsakanin falo da ɗakin kwana, don ta sami inda za ta cire mayafi, sai ya zamana iskar da ta ratsa zanen ta fi sanyi, tsohuwar ta ce a bar shi nan, a riƙa jiƙawa. Wasu ranakun nakan dawo in tarar da Linda a banɗaki ta kulle kanta, tana zaune a gefen baho da littafi. Ta ce nan ne Amurka.

Wata rana tana so ta faɗa wa Samah gaskiyar daga inda ta fito, ta kira ni in fassara don kada a sami kuskure. Samah ta saurara har ƙarshe tana tsinke ganyen mulukiyya.

“Tun makon farko muka sani, ya Ustaz. Wa yake cewa na gode in an ba shi canjin kuɗinsa? Kuma wa yake sa takalmin gudu ya je sayen tumatir?”

Ba ta ƙara tambayar komai a kai ba, sai ko gaskiya ne a can ana sayar da abincin kare a kanti.

Tsohuwar ta koma azumi, duk da faɗan Magdi. Wata rana ta kai, wata rana a ba ta ruwa da la'asar ta sha tana harare-harare. Ko iskar ce ta taimaka ko maganin likita, ban sani ba, ba ni kuma da hanyar sani. Kujerarta ta matso daga bakin ƙofarsu zuwa tsakiyar fili, daga nan zuwa bakin tamu, kafin goman ƙarshe tana gindin tagarmu da carbinta, tana ba Linda umarni da hannu. Magdi ya dawo da gaisuwa, amma bai taɓa tsallako ƙofar ba in ba na nan. In zai wuce yakan yi gyaran murya tun daga ƙasa, ya kau da kai.

A goman ƙarshe matan benen suka haɗu yin kahk, wani ɗan zagayayyen biskit na Salla da ake cusa wa dabino ko gyaɗar waje a barbaɗa masa garin sukari. Aiki ne na gayya, kowace shekara a hawa guda ake yi, a shekarar nan aka zaɓi namu saboda ya fi iska. Aka shimfiɗa tabarmi daga falonmu har falonsu. Wata tana narka man shanu, wata tana murza ƙullu a babban baho da hannu har gwiwar hannu, wasu suna mulmulawa, tsohuwar tana duba kowane ɗaya tana mayar da wanda bai yi mata ba. Aka ba Linda wani ɗan ƙarfe mai haƙora na yin zane a saman kowane kahk, domin sukari ya sami wurin kamawa. Duk suna azumi, gumi yana ɗiga daga haɓa, ƙamshin mai yana juya ciki, ba mai iya ɗanɗanawa. Mu maza aikinmu ɗaukar manyan farantan ƙarfe a ka zuwa gidan burodin unguwa, kowane gida da alamarsa a gefen faranti don kada a musanya. Mu tsaya a layi gaban tanda a wannan zafi, mu hau da su suna ƙona tafin hannu ta cikin tsumma. Ina saukowa karo na biyu na ji Linda tana gardama da wata mata a kan zanenta, da Larabcin da ba shi da nahawu ko kaɗan, da ƙarfi, matan suna dariya suna gyara mata. Ban taɓa jin muryarta ta kai haka ba tun da muka sauka a ƙasar.

Na ji an ce yanzu yawancin gidajen benen sun sa na'urar sanyaya ɗaki da ƙofofin ƙarfe, wuta ma ta daidaita. Ni ma a nan ina da batir da faifan hasken rana, ko da yake ba kullum suke ɗaukar fanka ba, da katanga da ta fi ni tsawo.

Aka yi Salla. Muka ci kahk har ya gundure mu, muka ba yara sababbin takardun kuɗi kamar yadda ake yi. Zafi bai ragu ba, wuta ma ba ta gyaru ba. Maganar tafiya kuwa ba wanda ya tayar, kuma ni ban ga alamar an fasa ba. Na riga na yi wa wani mai tasi magana zai kai mu filin jirgi.

Saura kwana biyu na dawo da la'asar. Ƙofofin a buɗe, tsohuwar tana gyangyaɗi a gindin taga. Na sami Linda a kicin tana yanka albasa.

“Jirgin jibi ne,” na ce. “Ban ga kin haɗa kaya ba.”

“Na ɗage.”

“Zuwa yaushe?”

“Sai zafi ya sauka.” Ta share ido da bayan hannu. “Kai kana wurin aiki tun safe. In na tafi wa zai buɗe?”

“Ai kina iya bar wa Samah makulli.”

“Tana da shi tun kafin Salla,” ta ce, ta jawo wata albasar.

A ɗakin labarai an koya mini cewa in jimla biyu suka saɓa wa juna a rahoto ɗaya, a koma wa majiya a tambaya. Wannan karon ban tambaya ba. Na fita baranda na kira mai tasin na ce ya sha zamansa, na dawo na ɗauki ɗaya wuƙar na fara yanka tumatir.